Mai Ƙirga Sheƙa

Da asuba nake hawa dutsen Skarvnes,
gwiwa na ƙara kamar ƙyauren tsohon ɗaki,
littafi a aljihu, fensir a bayan kunne.
Ni Torleif, da na ja koma shekara arba'in
a wannan gaɓa ta Norwe,
yau aikina ƙirga sheƙa.

Bara ɗari uku da sha biyu.
Bana ɗari biyu da tamanin da ɗaya.
Na sake farawa daga hagu,
ko ido ne ya ci amanata.
Ido bai ci ba.

Fararen tsuntsayen nan masu baƙin bakin fiffike,
kamar an tsoma shi a tawada,
su suka nuna wa ubana inda kifi ke kwana.
Inda suka yi cincirindo, can muke juya jirgi.
Ko sisi ba mu taɓa biyan su ba.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran maganar.

Can inda sama ta jingina da ruwa
an kafa turaku sittin,
kowanne da hannu uku yana tuƙa iska
har ta zama wutar da ke dafa mini shayi.
Ba zan zage su ba.
'Yata Aslaug ke hawa cikinsu da igiya a ƙugu,
albashinta ya toshe mana rufin da ke yoyo.
Kuma na san abin da suka zo kashewa:
ruwa ya yi ɗumi, ƙananan kifi sun yi ƙaura,
uwa na cin nisa kafin ta cika baki.
Sai dai maganin da aka kawo
an ajiye shi a tsakiyar hanyar marar lafiya.

Wani ɗalibi, Sindre, mai gilashi ɗaure da zare,
ya manna wa ɗaya na'ura, ba ta fi ƙwallon dabino ba.
Gurguwa muke kiranta, don ƙafar hagu a karkace take.
Kwana tara ta zana mana layi a kan taswira:
fita, dawowa, fita, dawowa,
kullum ta tsakanin turke na sha bakwai da na sha takwas,
idonta a ƙasa, tana neman kifi.
Mai neman abincin 'ya'ya ba ya duban gabansa.

Aka yi taro a zauren makaranta.
Mutumin kamfani ya zo da alƙaluma masu sheƙi.
Ni na buɗe littafina da ya sha gishiri,
na karanta shekara bayan shekara
yadda ake karanta sunayen waɗanda teku ta riƙe.
Ba wanda ya yi tari.

Aslaug na zaune a ɓangarensu, cikin rigar kamfani.
Ta miƙe, ba ta dube ni ba.
Ta ce, “Biyu na tsinta a dandamalin na sha bakwai.
Na sa su a aljihu, ban faɗa wa kowa ba.
Ba su da nauyi, Baba.
Safar hannuna ta fi su nauyi.”

Ba a ba mu duk abin da muka roƙa ba.
An yarda a shafa wa hannu ɗaya baƙin fenti
don tsuntsu ya gan shi kafin ya ji shi.
An yarda turaku tara su tsaya da asuba lokacin ƙyanƙyasa.
Sababbin da za a kafa, an ce za a duba.
Na san “za a duba”, mun daɗe muna gaisawa.

Yau da safe hannuwa tara sun tsaya cik
kamar masu ba gawa hanya,
sai dai mai rai ce ta wuce:
Gurguwa, da maƙogwaro cike,
ta sauka a karkace, baki biyu suka buɗe.

Na jiƙa fensir da yawu.
Ɗari biyu da saba'in da tara.
Har yanzu ƙasa muke yi, amma a hankali.
Gobe zan sake hawa, in gwiwa ta yarda.